Amsa: Zubar gashin kyanwa a farkon bazara

Ka tambaya ko gashin da kyanwarka take zubarwa tun da sanyin hunturu ya fara janyewa alamar cuta ce. Ba cuta ba ce, muddin gashin yana zuba daidai a duk jikinta kuma fatar tana nan lafiya, domin gashin da ya yi kauri lokacin sanyi ne take saki kafin zafi ya tsananta. Ka riƙa taje ta kullum da buroshi mai laushi, don kada ta haɗiye gashin da yawa wajen lasar jikinta har ya sa ta amai.

Sharaɗi ɗaya ne, kuma na ga muhimmancinsa a kyanwoyin gidanmu: idan ka ga gashin ya tsige a wuri guda, ya bar fili mai zagaye da ɓawo, musamman a kunne ko fuska, to wataƙila makero ne, kuma yana kama mutane, musamman yara masu ɗaukarta. A nan sai ka kai ta wurin likitan dabbobi, kuma kada ka shafa mata maganin kaskar kare, domin wanda ke ɗauke da sinadarin fametirin yana iya kashe kyanwa.