Faifaina ya koma RAW, Windows na cewa sai na yi fomat: hotunan sun tafi ke nan?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni mai ɗaukar hoto ne a Argungu. Ina da faifan ajiya na waje mai 1TB, a ciki nake tara aikin shekara uku: hotunan biki da suna, har da waɗanda na ɗauka a Matan Fada lokacin bikin kamun kifi. Shekaranjiya ina cikin kwafar hotunan wani ɗaurin aure aka ɗauke wuta, kwamfutar tebur ce, ba ni da UPS, batirin da ke riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta. Da wuta ta dawo na jona faifan, sai Windows ta ce ba zai buɗu ba sai an yi masa fomat. Na duba, yana nuna RAW a inda da yake nuna NTFS. Wani abokina ya ce in yi fomat daga baya a dawo da su, wani ya ce chkdsk, umarnin Windows na gyaran faifai, wani kuma ya ce in sa shi a firji ya kwana. Dangin amarya sun dame ni da kira. Ya zan yi?

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya kiyaye gaba. Kafin komai, zare faifan nan ka ajiye shi. Kada ka danna fomat, kada ka kwafa ko hoto ɗaya a kansa. Bisa yadda ka kwatanta, ina kyautata zaton hotunanka suna nan. Abin da ya fi halaka aikin mutane a irin wannan hali shi ne gyaran gaggawa da ake yi bayan an ɗauke wutar.

Ka san siton shinkafa. Buhuna suna jibge a ciki, mai sito kuma yana da littafin da ya rubuta buhun wane ne a wace kusurwa. Idan littafin ya jiƙe, buhunan ba su je ko'ina ba, sai dai ba wanda zai iya cewa ga na wane. Faifai ma haka yake. A tsarin NTFS, wanda Microsoft ta fito da shi tun 1993, littafin shi ne MFT, inda ake rubuta sunan kowane fayil, girmansa da wurin da yake kwance. A bakin fatishan ɗin kuma, wato yankin faifan da aka keɓe wa fayiloli, akwai sekta ta farko, wato ɗan gurbin ajiya na farko, da ke gaya wa Windows irin tsarin da ke ciki da inda MFT take. Wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu, ɗayan waɗannan ya taɓu, Windows ta duba ba ta gane komai ba, shi ne ta rubuta RAW. Wannan RAW ɗin ba shi da alaƙa da RAW na kyamararka. Ma'anarsa kawai ba ta gane tsarin ba.

Abin da ke ƙara mini ƙwarin gwiwa shi ne NTFS na ajiye kwafin waccan sekta ta farko a can ƙarshen fatishan. Sau da yawa ta gaban ce ta lalace, ta bayan tana nan lafiya lau.

Mu zo kan shawarwarin abokanka. Firji dai ka manta da shi. Sanyin na tara raɓa a cikin faifai, damshi kuma ba ya shiri da farantin da ke juyawa sau dubbai a minti ɗaya. Shi kuwa chkdsk galibi ba ya ma yarda ya yi aiki a kan faifan RAW. Inda ya yarda ɗin nan ne ya fi ba ni tsoro, domin aikinsa ya daidaita littafi ne, ko da kuwa zai yage shafukan da bai gane ba. Maganar fomat kuma tana da ɗan ƙamshin gaskiya: fomat na gaggawa sabon littafi kawai yake kawowa, buhunan na nan. Amma sabon littafin yana iya hawa kan wani ɓangare na tsohon, ka rasa sunaye da folda-folda. Idan kuma hannunka ya cire alamar gaggawa (Quick Format) a allon fomat, to tun daga Windows Vista cikakken fomat sifili yake bi ya rubuta a kan faifan gaba ɗaya. Bayan wannan babu manhajar da za ta dawo maka da komai.

Yanzu ka fara da kunne. Sauya igiyar USB, ka jona a wata kwamfutar, laftof mai cikakken caji ta fi, ka kara kunnenka. Idan ka ji yana ƙas-ƙas, ko ya taso ya mutu ya sake tasowa, zare shi nan take. Wannan galibi ciwon ƙarfe ne, allurar karatu ce ta samu matsala, kuma kowane kunnawa na iya ƙara kankare hotunan. Irin wannan sai masu ɗaki na musamman marar ƙura. Kada ka bari kowa ya kwance shi a kan teburin shago, balle da ƙurar hunturun nan tamu. Idan kuwa yana juyawa sumul, ka buɗe manhajar CrystalDiskInfo, kyauta ce, ta karanto maka rahoton lafiyar da faifan ke ajiyewa da kansa. Shuɗi alama ce mai kyau. Ruwan ɗorawa ko ja na nufin wasu sektoci sun fara mutuwa.

Dole ka nemi wani faifan da ya kai wannan girma ko ya fi shi, ko da aro ne. Na san kuɗi ne, amma babu hanyar kauce masa, domin duk abin da ka ceto ba a mayar da shi inda aka ciro shi. An taɓa kawo mini faifai a shagona nan Birnin Kebbi, mai shi ya sauke manhajar ceto a kan faifan da ya lalace, ya kuma riƙa ajiye abin da ya ceto a kansa. Hotunan da ya ceto da safe su suka danne waɗanda bai kai gare su ba. Har yau abin na yi mini ciwo, domin da ya zo tun farko da aikin yini ɗaya ne. Idan rahoton lafiyar ya nuna ruwan ɗorawa, a fara ɗaukar kwafin faifan sukutum da manhajar ddrescue a kan kwamfuta mai tsarin Linux, sannan a yi aiki a kan kwafin. Wannan ka nemi wanda ya saba, domin idan aka juya sunayen faifan biyu, wofin ne zai hau kan mai kayan.

Idan lafiyarsa ƙalau, sauke TestDisk a kan kwamfutar. Wani Bafaranshe, Christophe Grenier, ya rubuta ta, kyauta ce, kuma tare take zuwa da 'yar'uwarta PhotoRec. Fuskarta baƙin allo ne da rubutu, kada hakan ya firgita ka. Zaɓi faifan, ka tabbata girman da ta nuna shi ne naka, ka bar nau'in teburin fatishan da ta gano da kanta, sannan Analyse da Quick Search. Idan fatishan ɗin ya bayyana, danna P. Ka ga folda-foldarka da sunayensu? To ka yi hamdala. Danna ƙaramin a ka zaɓe su duka, babban C kuma ya kwashe su zuwa sabon faifan. Fara da na ɗaurin auren da ake jira. Sai ka buɗe hotunan ka gani da idonka kafin ka yi tunanin gyaran tsohon, wanda ake yi a sashen Advanced na TestDisk ta hanyar mayar da kwafin sektar ƙarshe zuwa gaba.

Idan TestDisk ba ta ga komai ba, MFT ce ta ji jiki, sai PhotoRec. Ita ba ruwanta da littafi, buhu-buhu take bi tana duba tambari. Kowane hoton JPEG da FF D8 FF yake farawa, haka ta san hotunan CR2 na kyamarar Canon da NEF na Nikon. Za ta kwaso su, amma babu suna babu folda, sai lambobi. Faifan 1TB kan iya cinye yini ko fiye, saboda haka ka tanadi janareta ko sola kafin ka fara. Tunda kyamara na rubuta ranar ɗauka a cikin kowane hoto, kana iya jera su bisa kwanan wata ka raba biki da biki. Bidiyo ne ya fi zuwa a karye, saboda manyan fayiloli sukan rarrabu a wurare daban-daban.

Akwai kuma wata hanya da wataƙila ta fi duk waɗannan sauri. Ka ce kwafa kake yi, ba ka gama ba. Ina memorin kyamarar? Idan ba ka goge shi ba, hotunan amaryar suna can. Ko ka goge, cire shi daga kyamara yanzu, kada ka ɗauki ko hoto ɗaya da shi, ka sa shi a kad-rida ka bi shi da PhotoRec. Memori mai 32GB ko 64GB ba ya ɗaukar lokaci, a daren nan ma kana iya kiran dangin amarya ka ba su rana.