Kafin ka yi odar wani allon, fara lissafa girman hotonka

Salamu alaikum jama'ar guruf. Ƙanena, na ji saƙonka. Ka ce kana so ka zuba hoto a cikin FPGA, guntun da kai ne kake tsara da'irorin cikinsa, wato na allon nan Basys 3 da kuka aro a ɗakin gwaji, don furojet ɗinka na fitar da gefen abubuwa a hoto, sai Vivado, manhajar da ake tsara FPGA ɗin da ita, ya ƙi, wai memori bai isa ba. Kana tambaya ko ka nemi kuɗi a gida ka yi odar allo mafi girma. Don Allah kar ka yi odar komai tukuna. Ɗauko biro da takarda, mu yi lissafi tare.

Hotonka 640 sau 480 ne ko? To wannan fiksil 307,200 ke nan. Ko da babu kala, baƙi da fari ne kawai, kowane fiksil zai ci bit 8, ka ga bit 2,457,600. In kuwa mai cikakkiyar kala ne, bit 24, ya haura miliyan bakwai. Shi kuma guntun Artix-7 da ke kan allon naka, memorin cikinsa, wanda ake ce wa BRAM, bulo 50 ne, kowanne kilobit 36, gaba ɗaya kilobit 1,800. Ka ga ko na baƙi da farin ma bai shiga ba. Gaskiya Vivado ya faɗa maka. Kuma Basys 3 ba shi da wani memorin DDR a waje da za ka juye ragowar a ciki.

Yanzu rage hoton ya koma 320 sau 240. Fiksil 76,800. Kowane bulo yana ɗaukar fiksil 4,096 na baƙi da fari, ke nan bulo 19 sun ishe ka. Ka ajiye hoton asali a 19, wanda ka sarrafa a wasu 19, har ka yi saura. In kala kake so, ka tuna fa kan VGA na allon nan, inda ake jona manita, bit 12 kaɗai yake fitarwa, huɗu ja, huɗu kore, huɗu shuɗi. To me za ka yi da bit 24? Asarar wuri ce kawai. A wajen nunawa a manita kuma sai ka maimaita kowane fiksil sau biyu a kwance, sau biyu a tsaye, ya cika fuskar manitan tas.

Sai maganar fayil ɗin kansa, don na ga da yawa a nan suke tuntuɓe. Hoton JPEG da ka ɗauka da waya a matse yake, FPGA ba ta san shi ba. Sai ka fara warware shi a kwamfuta. Ɗan rubutun Python da Pillow ya isa, ko MATLAB in shi ka fi sabawa da shi: ka buɗe hoton, ka rage shi, ka mayar da shi baƙi da fari, sannan ka rubuta kowane fiksil a layinsa da lambobin heks, wato na tushen 16. In ka buɗe fayil ɗin abin da za ka gani shi ne irin su 00, 7F, FF, ɗaya a ƙasan ɗaya. Ka ƙirga layukan, dole su zama 76,800 cif. A Verilog, harshen da ake rubuta kod ɗin FPGA da shi, sai ka kira shi da $readmemh. In kuma da Block Memory Generator na cikin Vivado ka ƙera memorin, fayil ɗin COE yake so, mai layin farko da ke faɗin cewa lambobin na tushen 16 ne. 'Yan'uwa masu allon Altera da Quartus, naku MIF ne, amma aikin ɗaya ne.

Ga wani abu da nake so ka duba a kod ɗinka yau ɗin nan. Karanta memorin nan dole ya kasance a kan bugun agogo. In ka rubuta shi ta yadda adireshi na shiga amsa na fita nan take, Vivado ba zai sa shi a BRAM ba, zai je ya tattara ƙananan LUT, wato tubalan da ake gina da'ira da su a cikin FPGA, ya gina maka shi, kuma nan da nan za su ƙare ko da hoton ƙarami ne. Kuma tunda a kan agogo ne, in ka ba da adireshi yanzu, sai bugu na gaba amsar za ta zo. To ka jinkirta siginonin VGA daidai da haka, in ba haka ba hoton zai goce gefe. Adireshin kuwa shi ne lambar layi sau 320 a tara da lambar fiksil a layin, kuma bit 17 yake buƙata. In ka ga hoto ya fito a karkace kamar an ja shi ta kusurwa, faɗin da ke cikin kod ne bai yi daidai da na fayil ba. In ka ga fuskar mutum ta koma shuɗiya, to da OpenCV ka karanta hoton maimakon Pillow, shi yana fara kawo shuɗi ne kafin ja.

To yanzu abin da ya fi damuna. Duk wannan da na faɗa, hoton a cikin bitstream yake, wato fayil ɗin da Vivado ke fitarwa a zuba wa FPGA, an gasa su tare. Ranar difens, malamin da ya zo daga waje zai iya cewa, to sa mana wani hoton mu gani. Me za ka yi? Ka zauna kana sake gina komai ana kallonka? Shi ya sa nake so ka ƙara UART, hanyar tura bayanai daga kwamfuta zuwa allon bit ɗaya bayan ɗaya. Kebul ɗin USB da kake furogiramin allon da shi, shi ne dai zai ɗauki wannan aikin. A gudun 115,200, kowane bait na tafiya da bit 10, ke nan bait 11,520 a daƙiƙa, hotonka zai shige cikin kamar daƙiƙa bakwai. BRAM ƙofa biyu gare shi: ta ɗaya UART na rubutawa, ta ɗaya kana karantawa. Ka sa maɓalli guda da zai mayar da ƙidayar adireshi sifili kafin kowane turi, don in bait ɗaya ya ɓace a hanya, duk abin da ya biyo baya ya goce.

Amma kar ka cire na gasawar, ka haɗa biyun. Ka san halin wutarmu, in ta ɗauke, abin da ka tura ta UART ya tafi, har tsarin FPGA ɗin ma ya goge. Ka rubuta bitstream ɗin a filashin da ke kan allon, memorin da ba ya gogewa in wuta ta ɗauke, ka mayar da jamfa kan QSPI, da wuta ta dawo zai tashi da hotonsa na farko ba sai an taɓa laftof ba.

Sannan shi aikin Sobel da kake son yi, wato fitar da gefen abubuwan nan, ba ya ma buƙatar hoton gaba ɗaya a lokaci guda. Taga ce ta fiksil uku sau uku. Layi biyu da suka wuce kawai za ka riƙe, da wanda ke shigowa. Ko a faɗin 640, layi biyu bait 1,280 ne, ko bulo ɗaya ba su cika ba. Kamar ɗan kasuwar Singa ne, ba ya kwaso sito gaba ɗaya ya jibge a bakin shago, abin da zai sayar yanzu yake fitowa da shi. Wannan dabarar ita ce ainihin abin da ya sa ake amfani da FPGA a aikin hoto, kuma ita nake so ka iya, don in gobe ka jona kyamara irin OV7670, haka fiksil ɗin za su riƙa kwararowa.

Allo mai memori a waje akwai, Nexys A7 na da DDR2 megabait 128, DE10-Lite na da SDRAM megabait 64. Sai dai shi wannan memorin sai da kwanturola, kuma daidaita shi kaɗai zai iya cinye maka makonni, ga tsadar dala, ga jiran kaya su iso Kano. Furojet ɗinka bai kai nan ba.

Ka rage hoton, ka sake gwadawa, sannan ka ɗauko hoton rahoton da Vivado ke fitarwa bayan sintesis, wato mayar da kod ya zama da'ira, wurin da yake nuna BRAM nawa da LUT nawa aka ci, ka turo nan guruf. In ka ga dama kuma ka zo da allon ranar Asabar bayan azahar, ina gida, akwai manita mai VGA a wurina. Allah ya ba da sa'a.