Tambayoyinku kan fasaha: Taswirar da ba ta taɓa taka gonarka ba

Tambaya: Ɗana ya buɗe mini wata taswira a intanet mai suna iSDAsoil, ya danna kan gonata, sai ga jerin sinadaran ƙasar. Alhali ba wanda ya taɓa zuwa ya ɗebi ƙasata. Yaya aka yi suka sani? In sayi taki bisa abin da ta faɗa? Daga wani manomi a Giwa.

Amsa: Alhaji, ba sani suka yi ba, kintata suka yi, sai dai kintace ne na masu ilimi. An tattara ƙasar da aka ɗebo daga wurare sama da 100,000 a faɗin Afirka, aka auna a ɗakin gwaji. Sannan aka haɗa sakamakon da abubuwan da ake iya samu a ko'ina: hotunan taurarin ɗan'adam na Landsat da Sentinel-2, yawan ruwan sama, zafi, tudu da kwari. Kwamfuta ta koyi cewa wuri mai kama kaza yakan ba da sakamako kaza, sai ta cike sauran guraben. A 2020 aka fitar da taswirar, kowane ɗigo mita 30 ne tsawo da faɗi. Dabarar ma ba sabuwa ba ce, tun 1951 wani injiniyan ma'adinai, Danie Krige, yake kintatar yawan zinare a Afirka ta Kudu daga 'yan ramuka kaɗan.

To yi lissafi. Afirka ta kai murabba'in kilomita miliyan 30. Ke nan ɗiba ɗaya na wakiltar fili mai ɗaruruwan murabba'in kilomita, kuma ba a raba ɗiban daidai ba, wasu yankunan an cika su, wasu ko oho.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne masu ɗaukar hoton allon waya su watsa a WhatsApp wai "sakamakon gwajin gona". Wane gwaji? Taswirar ba ta san inda Fulani suka kwana da shanu da rani ba, ba ta san kusurwar da kake jibge juji ba, balle gindin gawon da geronka ya fi tashi. Tana ma nuna iyakar kuskuren da za ta iya yi a kowane wuri, amma wa ke dubawa? Launi kawai ake kallo. Ga jami'in da ke tsara takin jiha guda, tana da amfani ƙwarai. Kai mai kadada biyu, ɗauki fartanya. Zaga gonar ka haƙa wuri 15 zuwa 20, zurfin santimita 20, ka cakuɗa a bokitin roba, ka shanya a inuwa, ka kai rabin kilo ɗakin gwaji irin na Samaru. Ɗiban jigawa daban, na fadama daban. Kuma don Allah kar a ƙunsa a tsohon buhun taki, in ba haka ba buhun za a auna.

Tambaya: Na sauke manhajar da ake ɗaukar hoton ƙasa ta faɗi takin da za a zuba. Tana da kyau? Daga Maraɗi.

Amsa: Yayyafa wa ƙasar ruwa ka sake ɗauka, ka ga ko amsar ba ta canza ba. Sannan ka goge ta.

Tambaya: Ina ɗaukar hoton wuraren da muka ɗebi ƙasa don aikin makaranta, amma in na tura wa malaminmu sai bayanin wurin ya ɓace. Daga wata ɗaliba a Kano.

Amsa: WhatsApp ne ke kankare shi. Tura a matsayin fayil, ba hoto ba. Ki kuma rubuta lambobin GPS a jikin leda da biro, waya kan faɗa rijiya.

Tambaya: SoilGrids (ita ma taswirar sinadaran ƙasa ce a intanet) da iSDAsoil sun ba ni amsa daban a gona ɗaya. Wa ke ƙarya?

Amsa: Babu. Ɗigon SoilGrids mita 250 ne, ya haura hekta 6, wato ya haɗa gonarka da ta maƙwabcinka da ta surukinsa. Koma ka karanta amsar Alhajin Giwa.