Kafin alƙalamin tafiya ta gaba a jirgin ruwan shaƙatawa

Alhaji, kun tambaya ko kuɗin kafin alƙalamin da kuka biya a cikin jirgi, lokacin da kuka taso daga Dubai, za su dawo in kun fasa tafiya ta gaba. Amsar tana jikin takardar da kamfanin jirgin ya ba ku a teburin da kuka biya kuɗin.

Kafin alƙalamin iri biyu ne. Akwai wanda ake mayarwa muddin kun janye kafin ranar cika kuɗi, wadda galibi takan kama kwana 75 zuwa 120 kafin tashi. Akwai kuma mai rangwame wanda ba ya dawowa, sai dai wasu kamfanonin su cire tara, su bar muku ragowar don wata tafiyar, shi ma da wa'adi. Da ranar cika kuɗin ta wuce, asarar takan ƙaru har ta cinye duka.

Abin da ya fi damuna da mu mutanen Katsina shi ne biza. Hana biza ba ya sa su mayar da kuɗi. Wani maƙwabcina a Ƙofar Ƙaura haka ya tafka asara, takardar na ninke cikin fasfo bai taɓa karantawa ba.

In za su mayar, katin da kuka biya da shi za su tura wa, kada ku rufe asusun.