Labaran ma'abota fim da littafi: sun isa a yi kundin digiri a kansu?

Tambaya: Ni ɗalibar adabi ce. Ina so in yi kundina a kan labaran da ma'abota wani fim ko littafi ke ƙagowa da taurarinsa, ta fuskar ra'in matantaka, wato ra'in da ke duba matsayi da 'yancin mata. An ce mini kwaikwayo ne kawai, ba adabi ba. Ina mafita?

Amsa: Malama, kada ki karaya, fagen nan ya haura shekara 30 a jami'o'i, kuma mata ne suka share shi. Tun 1967 ma'abota shirin talabijin na Star Trek a Amurka suka fara buga 'yan mujallunsu, galibinsu mata, suna aika wa juna ta gidan waya, babu mai biyansu ko sisi. A 1985 Joanna Russ ta yi nazarin labaransu da ke ƙulla soyayya tsakanin taurari maza biyu, Kirk da Spock. Abin da manazarta na farko suka hango shi ne, matan na neman soyayyar da babu babba babu ƙarami, abin da talabijin na lokacin bai ba mace ba. A 1992 littattafan manazarta Camille Bacon-Smith da Henry Jenkins a kan ma'abotan nan suka fito, ƙofa ta buɗe.

Sai dai in kika tsaya a yabo, kundinki zai yi rauni. Masu ra'in matantaka sun fi kowa yi wa fagen tankaɗe da rairaya. Sukan tambaya: in mata ne ke rubutun, me ya sa ake ture taurari mata gefe, har a kashe matar jarumi don labari ya tafi? Ga kuma laƙabin Mary Sue, wanda Paula Smith ta ƙirƙira a 1973 don zolayar tauraruwar da ta iya komai. Yau da shi ake gwasale duk yarinyar da ta rubuta jaruma mai ƙarfi, alhali namiji irinta ba kasafai ake ce masa uffan ba. Wannan kaɗai ya isa babi guda.

Batun kuɗi ya fi ci mini rai. A 2007 kamfanin FanLib ya so cin riba da gumin marubutan nan. Suka fusata, suka kafa ƙungiyarsu a shekarar, ita ta samar da rumbun labaransu na intanet mai suna Archive of Our Own, wanda ya ci lambar yabo ta adabi mai suna Hugo a 2019. A 2018 kuma Rukmini Pande ta nuna yadda nazarin ya daɗe yana kau da kai daga wariyar launin fata.

Ki zaɓi shiri ɗaya da labarai kaɗan, ki karanta su a tsanake tare da sharhin masu karatu. Mujallar Transformative Works and Cultures, da ke fitowa tun 2008, kyauta ce a intanet. Kuma kafin ki ɗauko maganar marubuciya ki nemi izininta, domin da yawa da sunan aro suke rubutu, danginsu ma ba su sani ba.