Tambaya da Amsa: Ƙofata na jan ƙasa, laifin hinji ne ko na katako?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Wata shida da sa mini ƙofar falo ta madaci, yanzu sai na ɗaga ta take rufuwa. Kafinta ya ce damina ce ta kumbura katakon. Haka ne? Daga wani magidanci a Rigasa.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Gwada wannan kafin ka yarda da zancen damina: buɗe ƙofar rabi, ka kama ta ta gefen makulli ka ɗaga sama. In ta yi motsi, hinjin sama ne ya saki. Kumburi kan sa ƙofa ta cije a jikin firam, amma ba ya sa ta lilo.

Madaci na da nauyi. Ƙyauren da ya kai ƙafa 7 a tsayi, ƙafa 3 a faɗi, hinji uku yake so, masu inci 4, kaurin ƙarfensu kamar milimita 3. In ka samu mai boris, wato ƙananan ƙwallayen ƙarfe, a tsakanin gaɓoɓinsa ya fi, don ba ya cinyewa da wuri. Ɗan inci 3 na ƙofar filawud ne mara nauyi, irin ta ɗakin kwana. Na sama a sa shi inci 6 daga saman ƙyaure, na ƙasa inci 9 daga ƙasa, na ukun a tsakiya. Na sama shi ke shan wahala, kullum ƙofar janye shi take daga firam.

Inda aka fi yin ɓarna wajen ɗaurawa ne. Wani kafintan, don sauri, guduma yake sa wa sukuru ya buga kamar ƙusa, zaren ya yage katakon, babu abin da zai riƙe. Duba kan sukurun: in ya baje ko ya karkace, an buga shi ne. A cire, a cusa tsinken katako da gam a ramin, a bari ya kwana, a huda siririn rami, sannan a murɗa sabon sukuru mai inci 1½. Kowace hudar hinjin ta samu sukurunta, kada a bar ko ɗaya. A kuma sassaƙe wa hinjin gurbi ya zauna daidai da fuskar katako.

TAMBAYA: Hinjin ƙofar banɗakina ya yi tsatsa har yana zubar da jan ruwa, alhali na tagulla aka ce mini. Daga wata uwargida a Kawo.

AMSA: Hajiya, baƙin ƙarfe ne aka shafa wa ruwan tagulla. In za a saya a Panteka ko Kasuwar Gumi da ke Kaduna, a tafi da ɗan maganaɗisu: tagullar gaske ba ya kama ta. Banɗaki sai tagulla ko sitenles, wato ƙarfen da ba ya tsatsa, kuma sukurun ma ya zama irinsu, in ba haka ba ta nan tsatsar za ta dawo.