Tambaya da Amsa: Yadda Ake Sa Ɗan Wasa Ya Ji Ruwan Sama a Kunnensa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina haɗa ƙaramin wasan bidiyo da manhajar Unity, labarin yana faruwa a unguwa irin tamu da damina. Na sa sautin ruwa, amma duk wanda ya gwada sai ya ce kamar rediyon da ba ta kama tasha ba. Ina matsalar take? Daga wani ɗan'uwa a Agege, Legas.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Fayil ɗaya ka sa, shi ya sa. Abin da kunne ke ji a ruwan sama shi ne wurin da ya sauka: kwanon rufi, ƙasa, ganye, lema, kwata. Don haka ka raba shi uku. Na farko shuuu ɗin nesa, wanda zai riƙa juyawa ba tsayawa. Kada ya gaza daƙiƙa 60, kuma ka saje ƙarshensa da farkonsa na daƙiƙa 2 ko 3 don kada a ji gaɓar. Na biyu bugun ruwa a kan abin da ke kusa da ɗan wasa. Na uku ɗigo daga indararo, iri 8 ko 10, injin wasan ya riƙa zaɓa ba tsari, yana ɗan sauya kaifinsu.

Sai ka ɗaure dukkansu a ma'auni ɗaya mai tafiya daga 0 zuwa 1. Manhajojin sarrafa sautin wasa FMOD da Wwise duka suna yin wannan, kuma suna shiga Unity. A 0.2 yayyafi ne, ɗigo kaɗai. A 0.6 kwano ya fara amsawa. A 1 ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kada ma'aunin ya yi tsalle, ka ba shi daƙiƙa 20 zuwa 30 ya hau ko ya sauka. Kuma ka turo iska tukuna, ƙofar langalanga ta buga, tsuntsaye su yi tsit, kamar yadda hadari ke yi mana a watan Yuni. Idan ɗan wasa ya shiga ɗaki, ka tace sautin waje, ka yanke abin da ya haura Hz 1,000 ko kusa da haka (Hz ma'aunin kaifin sauti ne), ka ɗaga bugun kwano. Nan take zai ji ya samu mafaka.

In da kanka za ka ɗauki sautin, babban abokin gabarka a Legas janareta ne, sai hon ɗin danfo, wato motocin haya. Hon ɗaya ya shiga fayil mai juyawa, kunne zai gane shi a zagaye na biyu. Ka fita da asuba, ka rufa wa makirufo soso ko tawul daga sama don kada ɗigo ya buga jikinsa.

Tambaya: Tsawar da na sa tana girgiza a abin sawa a kunne, amma a lasifikar waya ba a jin ta. Ruwan kuma yana cinye kiɗan. Daga wata 'yar'uwa a Idi-Araba.

Amsa: Malama, ƙaramar lasifikar waya ba ta iya fitar da rugugin ƙasa, wato abin da ke ƙasa da Hz 200 ko makamancinsa. Ki ɗora wani sautin fashewa mai kaifi a kan rugugin, shi wayar za ta fitar. Ki kuma lura da tazara: sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, saboda haka walƙiyar da ke nisan kilomita 2 tsawarta za ta iso bayan daƙiƙa 6. Ta kusa tas take yi, ta nesa gurnani, domin iska na shanye kaifin a hanya. Idan kika haɗa haske da ƙara lokaci guda a kowace tsawa, hadarin ba zai taɓa yin nisa ko matsowa ba.

Batun kiɗa kuwa, shuuu ɗin ruwa na zaune ne a sama, daidai inda kacau-kacau da kaifin goge suke, sai su danne juna. Ƙara wa kiɗa ƙarfi ba ya magance wannan. Ki raba kiɗan gida-gida, ki jona shi da ma'aunin ruwan nan: yana hawa, kacau-kacau na janyewa, a bar ganga mai kauri da gurmi jefi-jefi. Mu a ganinmu, in ruwa ya kai maƙura gara kiɗa ya yi shiru gaba ɗaya, ya dawo da kukan kwaɗi bayan an ɗauke. Lokacin da wani ke magana, ki rage ruwan da desibel 4 zuwa 6 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne).

Tambaya: To hunturu fa, da ba shi da ƙara? Daga Mile 12.

Amsa: Shi da ragi ake yinsa. Ka cire kwaɗi da ɗigo, ka sa busasshen ganye da leda suna jan ƙasa, da siririn fiton iska ta kafar taga, wani na tari can nesa. Sarewa guda ɗaya, da tazara mai tsawo tsakanin jimlolinta, ta wadatar a ɓangaren kiɗa.